Gubar dalma a Zamfara: haɗin gwiwa aka yi da mutanen ƙauye, ko ƙwadago aka ba su?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka san yankin Anka da Bukkuyum fiye da ni. Duk lokacin da aka zo maganar yadda masu bincike da jama'ar gari za su haɗa hannu su kawar da gubar da ba ta ruɓewa a ƙasa, misalin da ake kawowa daga Najeriya shi ne aikin da aka yi a Zamfara tsakanin 2010 da 2013. Domin tunatarwa, a watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, wato MSF, da suka shiga yankin saboda sanƙarau, suka tarar yara ƙanana suna ta mutuwa bayan amai da jijjiga, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu komai. Da aka auna jininsu sai aka ga dalma ce, wadda take fitowa daga duwatsun zinare da ake dakawa ana niƙawa a cikin gari. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta yi tare da jami'an lafiya na Najeriya a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya, wato ɗaya daga kowane huɗu. Jimillar yaran da suka rasu a yankin kuwa an ƙiyasta ta haura 400.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Na'urar awo daga waje ta zo, likitoci daga waje, kuɗin farko daga waje, injiniyoyin da suka tsara aikin kuma daga jihar Idaho ta Amurka. Rabon mutanen ƙauye, a ganina, bai wuce fartanya da shebur da buhu ba. To, wannan haɗin gwiwa ne, ko kuwa ƙwadago aka ba su aka biya su ladan yini?

Injiniya Lawali:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, tambayar tana bisa hanya, amma ina ganin ka rage wa mutanenmu rabonsu. Bari in fara da ita na'urar. Sunanta XRF, ana riƙe ta a hannu, a ɗora bakinta a ƙasa, nan take ta faɗi yawan dalmar da ke wurin. Sai dai iyakar abin da take faɗa shi ne abin da ke daidai inda aka ɗora ta. Ba ta san ɗakin da aka riƙa ajiye buhunan dutse ba, ba ta san gindin bishiyar da aka kafa injin niƙa bara aka ɗauke shi bana ba, ba ta san kududdufin da aka wanke garin dutse a bakinsa ba, balle ta san cewa wancan bangon an gina shi da tubalin da aka kwaɓa da ragowar ƙasar wanki. Duk wannan ilmi yana hannun mai gida da matansa da mai unguwa. Idan suka yi shiru, injiniya zai auna tsakar gida ya rubuta cewa lafiya lau, alhali gubar tana cikin ɗakin da yara suke kwana.

Su mutanen Idaho ɗin, wato kamfanin TerraGraphics, sun kawo abin da suka koya a yankin Bunker Hill na jiharsu, inda masana'antar narkar da dalma ta gurɓata garuruwa shekara da shekaru: a kankare ƙasar sama, a binne ta a rami na musamman nesa da gari, a shimfiɗa ƙasa mai tsabta. Can da manyan motoci ake yi. A ƙauyukanmu mota ba ta shiga lungu, ba ta wuce zaure, saboda haka dole aka sake tsarin gaba ɗaya ya koma aikin hannu, iyali su fitar da kayansu, a share ɗakuna, a kankare kimanin santimita biyar na ƙasa, a ɗure a buhu a kai bayan gari. A ƙarshe an kwashe ƙasa sama da kubik mita 27,000 daga gidaje da wuraren sarrafa dutse 820 a ƙauyuka takwas. Ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka take amfani da shi a lokacin ga wurin wasan yara shi ne miligiram 400 na dalma a kowane kilo na ƙasa, amma an sami wuraren da suka haura 100,000, wanda ke nufin kashi ɗaya cikin goma na ƙasar dalma ce zalla.

Wani abu kuma da babu injiniyan da zai iya yi shi ne fitar da daka da niƙa daga cikin gari. Masarauta da hakimai da dagatai ne suka ba da wannan umarni suka kuma tsaya a kansa. Da ba su yi ba, da ana sharewa ta gabas ana sake zubawa ta yamma.

Hajiya Asabe:
Injiniya, Allah ya saka da alheri, amma ka ambaci matan gida a tsakiyar jimla ka wuce, alhali a nan maganar take. A lokacin, maza ne suke haƙo dutsen, amma kaso mai yawa na dakan a cikin gida ake yinsa, kuma mata ne suke yi, domin macen da take kulle wannan ce sana'ar da ta zo ta same ta har tsakar gidanta, kamar yadda sussuka da surfe suke zuwa. Tana daka da goyo a baya, na yaye yana rarrafe a gefen turmi yana sa hannu a baki. Namiji baƙo ba zai shiga wannan gida ya tambaye ta wane turmi ne na dutse wane ne na hatsi ba, ko da ya shiga ba za ta ba shi amsa ba. Sai da aka sa mata a cikin ayarin masu aikin, suka riƙa shiga suna zama suna hira, sannan bayanin ya fara fitowa.

Ku dubi kuma abin da binciken baya ya nuna game da abinci. Hatsin da aka girbo daga gona ba shi ne babbar matsalar ba. Gubar tana shiga ne bayan girbi, wajen sussuka a ƙasa, da shanya, da daka a turmin da ya taɓa cin dutse, da niƙa a injin da ake amfani da shi ga duka biyun. Wannan abu ne da kowace mace a ƙauyen za ta iya nuna maka tun ranar farko da an tambaye ta. Don haka ni a wurina, Malam Habibu yana da gaskiya ta wani ɓangare: an nemi izinin sarakuna, an ɗauki samari aiki, amma waɗanda suka fi kowa sanin hanyar da ƙurar take bi zuwa bakin yaro ba su ne aka fara zama da su ba.

Alhaji Mamman:
Ina gaishe da kowa. Ni ɗan kasuwa ne ba masani ba, amma ina so a yi wa masu haƙa adalci. Dutsen nan ba a 2010 aka halicce shi ba. Abin da ya canza shi ne farashin zinare, wanda ya yi ta hawa bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 har ya haura dala 1,800 kan kowane oza a 2011. Manomin da damina ɗaya ce take ciyar da shi shekara, ya ga sana'ar rani da za ta sayi babur ta yi wa ɗa aure, wa zai hana shi? Sannan aka ci karo da jijiyar dutse mai dalma da yawa, kuma injin niƙa ya maye gurbin guduma, ƙura ta ninka.

An ruwaito cewa da farko wasu sun ɓoye cewa ana sarrafa dutse a gidajensu, har ana ganin kamar taurin kai ne. Ba taurin kai ba ne, tsoro ne. Mutumin da ya san cewa duk baƙon da ya zo da takarda da biro ƙarshen zancensa shi ne gwamnati ta hana sana'ar, me zai sa ya nuna masa inda yake aiki? Masu binciken da suka yi nasara su ne waɗanda suka fahimci wannan da wuri, suka daina cewa a daina haƙa, suka koma cewa a fitar da aikin daga inda yara suke. Ranar da maganar ta sauya, ranar ce mutane suka fara buɗe ƙofa.

Dokta Rabi:
Ina so in ƙara bayani ta fuskar lafiya, domin shi ne yake nuna dalilin da ya sa ɓangarorin ba su da zaɓi sai su jira juna. Maganin da aka ba yaran, DMSA, ana sha ne ta baki, yana kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Ana ba da shi ga yaron da dalmar jininsa ta kai maikrogiram 45 a kowace desilita ta jini, kuma a waɗancan ƙauyuka biyu na farko kashi 97 cikin ɗari na yaran da aka auna sun kai wannan mataki ko sun wuce. Ƙaramar na'urar awon jini da ake yawo da ita ba ta karanta abin da ya wuce 65, har sai da aka riƙa sirka jinin kafin a iya samun adadi. Amma ba yaro magani sannan a mayar da shi gidan da ƙasarsa take cike da guba ɗiban ruwa ne da kwando. Shi ya sa likitoci suka tsaya a kan cewa sai an share gari sannan a ci gaba da magani a cikinsa; likita yana jiran injiniya, injiniya yana jiran mai gari, mai gari yana jiran masu gida su yarda. A cikin shekara huɗu na aikin, yara 2,349 suka sha maganin, kuma matsakaicin dalmar jinin ƙananan yara ya sauko daga 149 zuwa 15.

Sai dai kada 15 ta ruɗe mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, kuma tana ba da shawarar a fara neman tushen gubar tun daga 5. Lahanin da ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ya gyaruwa da magani: akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda suka shanye, akwai da yawa da ba a ganin komai a jikinsu sai an sa su makaranta. Abin da ya fi damuna shi ne ƙashi. Dalma tana zama a ƙashi shekaru masu yawa, kuma idan mace ta ɗauki ciki jikinta yana janyo sinadarin kalsiyam daga ƙashi, dalmar ta biyo shi ta ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi. Yaran mata da suke da shekara uku ko huɗu a 2010 yanzu sun kai munzalin aure. Wane ne yake auna jininsu a wajen awon ciki?

Nafisa:
Assalamu alaikum iyayena. Ni ɗaliba ce, ina neman a gyara mini idan na kauce. Ina ganin abin da Baba Malam yake nema shi ne irin abin da ya faru a garin Flint na jihar Michigan a Amurka. A 2014 aka sauya musu ruwan famfo zuwa na kogin garin, ruwan ya riƙa cin bututun dalma, hukumomi kuma suna cewa lafiya lau. A can mutanen gari ne suka fara, musamman wata uwa, LeeAnne Walters, wadda ta nemo Farfesa Marc Edwards na jami'ar Virginia Tech. A 2015 mazauna garin da kansu suka ɗebi ruwa daga gidajensu suka aika ɗakin gwaji, sannan likitar yara Mona Hanna-Attisha ta nuna cewa dalmar jinin yara ta ƙaru. Wato jama'a ne suka kira masu bincike, su ne suka tattara shaida, sakamakon kuma ya zama nasu. Me ya hana a yi haka a wurinmu?

Hajiya Asabe:
'Yata, kin kawo misali mai kyau, amma ki lura cewa matar Flint ta san akwai abin da ake kira dalma, ta san jami'a, tana da waya da za ta kira. Uwar da ke 'Yargalma ta ga ɗanta yana jijjiga ta ɗauka sanƙarau ne ko iska. Ba za ki nemi awon abin da ba ki san yana kisa ba.

Injiniya Lawali:
Haka ne, ranki ya daɗe. Amma akwai lokaci ɗaya da aka ɗan kusanci abin da Nafisa take faɗa, shi ne batun Bagega. An share ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da farkon 2011: Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Guru, Tungar Daji da Duza. Bagega ita ce mafi girma, tana da babban filin sarrafa dutse, kuma kuɗin masu ba da agaji bai kai gare ta ba. A watan Mayu na 2012 gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850, amma watanni suka shuɗe babu labari, yara kimanin 1,500 suna jiran magani, likitoci kuma ba za su fara ba sai an share. A nan ne matasan Najeriya na shirin bin diddigin kuɗin gwamnati mai suna Follow The Money, ƙarƙashin Hamzat Lawal da abokan aikinsa, suka ɗauki alkaluman da masu bincike suka tara da muryoyin mutanen Bagega suka baza a kafafen sada zumunta, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ma tana matsa lamba ta nata ɓangaren. A ƙarshen Janairun 2013 aka saki kuɗin, aka yi aikin a wannan shekarar. Kuma a Bagega yawancin ragamar aikin ta riga ta koma hannun ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi waɗanda suka koyi aikin a ƙauyukan farko, baƙin kuma suka koma masu ba da shawara. Malam, wannan ya wuce ladan yini.

Malam Habibu:
Na karɓi bayanin Bagega, kuma na gode. Amma ga abin da ya hana ni sakin jiki. A 2015, shekara biyu kacal bayan kammala Bagega, irin wannan annoba ta ɓulla a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu. Dutsen zinare ne, daka a gida ne, ƙananan yara ne, komai iri ɗaya. Masu haƙa suna yawo daga jiha zuwa jiha, labarin sabon rami yana isa ko'ina cikin kwanaki, amma labarin cewa ƙurar tana kashe yara bai bi su ba. Idan da ilmin ya zauna a hannun jama'a da gaske, da mai haƙa ne zai gargaɗi ɗan uwansa kafin wani likita ya iso. Sannan a can ma sai da aka sake jiran kuɗi har 2016 kafin a share. Wannan yana nuna mini cewa ilmin ya zauna ne a rahotanni da kan wasu 'yan ma'aikata, bai shiga cikin sana'ar kanta ba.

Alhaji Mamman:
Allah ya gafarta Malam, ilmi ba ya shiga sana'a sai ya zo da riba ko aƙalla bai zo da asara ba. Bayan Shikira ne aka gwada abin da ya kamata a fara da shi. Wata ƙungiya mai suna OK International tare da MSF suka zauna da masu niƙa suka gwada feshin ruwa a bakin injin domin ƙura ta kwanta, kuma awo ya nuna dalmar da ke tashi a iska ta ragu da kusan kashi 95 cikin ɗari. Aka haɗa da wurin wanka da sauya tufafi a bakin aiki, don kada mutum ya kai ƙurar gida a rigarsa ya ɗauki ɗansa. Mai niƙa zai karɓi wannan, domin shi ma ƙirjinsa ne yake shaƙa.

Amma a watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, ba a ɗage ba sai a Disambar 2024. Ban ce babu dalili ba. Sai dai ku yi tunani: sana'ar da aka haramta ba a bayan gari a fili ake yinta ba, ɓoye ta ake yi, kuma wurin ɓoyo mafi sauƙi ga talaka shi ne cikin gidansa. Ta yaya ma'aikacin lafiya zai koya wa mutum yadda zai yi aikin da doka ta ce ba ya yi?

Dokta Rabi:
Ga kuma matsalar tsaron kanta, wadda ta sa zuwa wasu daga cikin ƙauyukan nan ya zama kasada ga kowane ma'aikaci. MSF ta miƙa shirin dalma ga hukumomin jihar Zamfara a farkon 2022, bayan fiye da shekara goma. Tun daga nan tambayar Malam Habibu ta daina zama ta tarihi. Awon jini yana buƙatar kayan gwaji da suke ƙarewa kuma suke lalacewa idan sun daɗe, magani yana buƙatar kasafi duk shekara, ƙasar da aka shimfiɗa kuma tana buƙatar a sake auna ta lokaci zuwa lokaci, domin gida ɗaya ne zai koma daka a ɓoye, iska da ƙafa da awaki su raba wa maƙwabta. Inda baƙo ba zai iya shiga ba, wanda yake kwana a garin ne kaɗai ya rage.

Injiniya Lawali:
To bari in sauko da maganar ƙasa, tunda akwai 'yan yankin a wannan zaure. Abu biyu nake so a bincika. Na farko, ramukan da aka binne gurɓatacciyar ƙasar suna nan a bayan kowane gari, kuma dalmar da ke ciki ba za ta ragu ba ko bayan shekara ɗari. Yaron da aka haifa bayan 2013 bai ga lokacin da aka haƙa su ba. Gobe shi ne zai zo neman fili ya yi gona, ko ya haƙi ƙasar gini, ko ma ya ji cewa akwai ragowar zinare a ciki ya tona. Ya kamata kowane rami ya kasance da alama tabbatacciya, kuma iyakarsa tana rubuce a wurin dagaci da hakimi, ba a ofis a Gusau kaɗai ba. Na biyu, kowane gida da aka share an auna shi kafin aiki da bayansa. Waɗannan alkaluma na masu gidajen ne, kuma ya dace a mayar da su Hausa, da boko da ajami, a ajiye kwafi a asibitin garin.

Hajiya Asabe:
Ka ƙara na uku, Injiniya: sunayen yaran da suka sha magani, musamman mata, a haɗa su da katin awon ciki, kamar yadda Dokta ta nuna. Ungozomomin garin sun san su ɗaya bayan ɗaya, sun san gidan da kowace ta yi aure ko da a wani ƙauye ne. Nafisa, tunda kina neman abin da za ki yi bincike a kai, ki fara da tambayar ko wannan rajista tana nan da kuma hannun wanda take. Alhaji Mamman kuma, kai da kake da mutane a kasuwar Anka, ka tambayo mana ko injinan niƙan dutse har yanzu suna bayan gari ko sun dawo ciki.